Darasi na 9: Adana Bayanai da Nuna Su a Zane, Daga Unguwar Atrone

Duk wanda ya taɓa yin damina a Atrone ya san watan Agusta. Ruwa zai kwana yana zuba, gari ya waye lungu ya cika fal, masu kilando su tsaya a bakin kwalta su ƙi shiga, katangar ƙasa ta jiƙa ta fara zubewa daga gindi. Bayan kwana biyu ko uku sai ga baƙi daga ofishin magajin gari na gunduma ta 7, ko daga wata ƙungiyar agaji, da tambayarsu: gida nawa ruwa ya ci, mutum nawa ke kwana a waje? A nan ake rasa ta cewa. Bulama ya ce ɗari, liman ya ce sun fi haka, wani matashi ya ce ai shi ya rubuta sunayen magidanta tun bara, sai dai littafin yana cikin ɗakin da ya faɗi.

Unguwar da ba ta da lissafin kanta, wani ne zai yi mata, kuma yadda ya ga dama zai yi. Wannan darasi zai koya mana yadda ake rubuta bayanai cikin tsari, yadda ake ajiye su kada su salwanta, da yadda ake fitar da su a zane ko taswira har mai sauri ya gane. Daga nan mu duba inda ake cin abinci da wannan ilimi a N'Djamena.

Dalilin da ya sa ake neman masu lissafi

A shekarar 2022 kogin Chari ya haura mita 8 a N'Djamena, ya shiga Walia da Toukra a gunduma ta 9, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ambaliya a watan Oktoba. Sama da mutum miliyan 1 abin ya shafa a faɗin Chadi. A 2024 ruwan ya dawo da ƙarfin da ya fi na baya: kusan mutum miliyan 2 ya shafa, sama da 500 suka rasu. Ga kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilu 2023, wanda ya turo dubban ɗaruruwan mutane ta Adré. Kowane buhun hatsi da kowace taburma da aka raba a waɗannan wurare, sai da wani ya ƙirga, wani ya shigar a kwamfuta, wani ya zana taswirar da shugabanni suka duba kafin su ce a kai nan, a bar can. Mutane ne ke yin wannan aiki, kuma ana biyansu.

Jadawali shi ne tushe

Kafin a yi maganar wata manhaja, sai an iya jadawali. Ko a takarda ne, ko a Excel, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc wadda kyauta ce, dokar guda ce. Kowane layi na kwance abu ɗaya yake ɗauka, a ce gida ɗaya. Kowane layi na tsaye tambaya ɗaya yake amsawa: lambar gida, lambar kare (wato rukunin gidaje a unguwa), yawan mutane, irin gini, zurfin ruwan da ya shiga. Kowane gurbi kuma amsa ɗaya tak.

Abin yana da sauƙin faɗa, amma a nan yawancin aiki ke lalacewa. Ku duba waɗannan kurakurai, don za ku haɗu da su tun a makon farko.

Wani zai rubuta "Atrone", wani "Atron", wani kuma ya sa ƙaramin harafi da fili a gaba. Ku kun san unguwa ɗaya ce. Kwamfuta ba ta sani ba, unguwa uku za ta ƙirga muku. Haka sunan mutum: Mahamat, Muhammad, Mohamed, Mamman. A garin da ake rubutu da Faransanci da Larabci, kowa kuma da yadda ya saba rubuta sunansa, ba a dogara da suna kaɗai. Shi ya sa ake ba kowane gida lambarsa, wadda ba ta canjawa ko da an sake rubuta sunan maigida.

Sai batun ma'auni. Idan kuna bin farashin gero a kasuwar Dembé, wani ya kawo kuɗin koro, wani ya kawo kuɗin buhu, aka zuba su a layi ɗaya, to lissafin ya mutu tun kafin a fara. A zaɓi ma'auni guda, a rubuta shi a kan layin, kowa ya bi. A gurbin lamba kuma lamba kaɗai ake sawa. A rubuta 7, ba "mutum 7" ko "wajen bakwai" ba, domin kwamfuta ba ta iya tara kalma.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi so ku riƙe. Sifili daban, gurbin da babu komai daban. Sifili yana nufin an tambaya, an ce babu wanda ya ji rauni a gidan. Gurbi fanko yana nufin ba a tambaya ba, ko ba a sami kowa a gida ba. Wanda ya cike fanko da sifili don jadawali ya yi kyau, ya share iyalin da watakila su suka fi kowa shan wuya, tunda rashin samunsu a gida na iya nufin gidan ma babu shi.

Tattarawa da waya

Yau da wuya ku ga mai bincike yana yawo da tarin takardu. KoboToolbox, wadda aka ƙirƙira don aikin agaji, ita ce ƙungiyoyi da yawa ke amfani da ita. Ana tsara tambayoyin a intanet, a saukar da su cikin manhajar KoboCollect a wayar Android, a shiga unguwa a yi ta cikewa ko babu sabis. In an dawo inda akwai intanet, a tura gaba ɗaya. Tana ɗaukar hoto, tana ɗaukar wurin da gida yake a taswira, kuma ana iya hana ta karɓar amsar da ba ta shiga hankali, kamar a ce shekarun mutum 300. Maimakon kowa ya rubuta sunan unguwa da hannunsa, sai a ba shi jeri ya zaɓa, matsalar "Atron" ta kau ke nan. Akwai tsarinta na kyauta mai iyaka, ya isa koyo har da ƙaramin aiki.

Ajiya

Bayanai suna zama ne a kan wani abu da ake iya taɓawa: memorin waya, filashi, faifan cikin kwamfuta. Duk waɗannan suna da magabta a garinmu. Zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ta dawo da ƙarfin da zai ƙona caja. Ga ruwa, ga ɓarawon waya a kasuwa. Filashin da ke yawo daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan kuwa, da wuya ya rabu da cutar kwamfuta.

Manomi mai hankali ba ya tara irin shukarsa duka a rumbu ɗaya, yakan kai wani wurin ɗan'uwansa a wani ƙauye. Masu sana'ar ajiya ma haka suke yi, kuma sun taƙaita dokar da lambobi uku, 3-2-1: kwafi 3 na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'ura iri 2, kwafi 1 kuma a wani wuri na dabam, nesa da inda sauran suke. Ga mai aiki a Atrone, ma'anarsa ita ce kwafi a kwamfuta ko waya, kwafi a filashi da aka naɗe cikin leda aka ajiye a sama, kwafi kuma a ma'ajiyar intanet.

Ma'ajiyar intanet ba wani abin al'ajabi ba ce. Kwamfutocin wani kamfani ne, jere cikin babban gini mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, galibi a wata ƙasa. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, wanda ake raba shi da saƙonnin Gmail da hotuna. OneDrive na Microsoft yana ba da giga 5, Dropbox giga 2. Jadawalin gidaje dubu bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba, don haka wurin ya wadatar, kuma tura shi ba ya cin mega sosai. Hotuna da bidiyo ne ke cinye wuri da kuɗi.

Amma kada wani ya ce tunda ya ɗora a intanet shi ke nan ya huta. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiya na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar bayanansu. Mu kuma muna da namu dalilin. Chadi ba ta da teku, yawancin intanet ɗinmu ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, babbar hanyarsa ta Kamaru ce, kuma in wayar ta tsinke a hanya gari kan yi tsit. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 ma an toshe shafukan sada zumunta a ƙasar, wata 16 cur. Wanda ya mai da WhatsApp ma'ajiyarsa ya ga ta kansa a lokacin. WhatsApp hanyar aika saƙo ce, ba wurin ajiya ba.

A 2020 gwamnati ta ƙaddamar da aikin zamanantar da hanyoyin sadarwa, wanda ya ƙunshi shimfiɗa wayoyin intanet da gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a N'Djamena. Manufar ita ce bayanan hukuma su zauna a gida. Irin wannan gini yana buƙatar ma'aikata, za mu dawo kansu.

Abu biyu ƙanana da ke ceton mutum. Na farko, sunan fayil: a fara da shekara da wata, sannan wuri da batu, kamar 2025-08-atrone-ambaliya. Fayil mai suna "sabo" ko "na ƙarshe 2" ya ɓata ko yana nan. Na biyu, a riƙa buɗe kwafin ajiya lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗuwa. Mutane da yawa sai ranar buƙata suke gano cewa filashinsu ya daɗe da mutuwa.

Zane da taswira

A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum wajen 600. Wani likita, John Snow, ya ɗauki taswirar unguwar ya sa alama a kan kowane gidan da aka yi rashi. Alamomin suka taru kewaye da famfon ruwa guda a titin Broad. Tun kafin ya fitar da taswirar ma, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Sunayen mamatan suna nan a rajista tun kafin ya zo, amma da aka ɗora su a taswira, kowa ya ga abin da suke faɗa. Ga unguwar da ruwan sama ke haɗa masai da rijiya kowace damina, wannan ba tsohon labari ba ne.

Zaɓen zane yana bin tambayar da ake son amsawa. In kwatanta wurare ake so, a ce wane kare ne ya fi asarar gidaje, zanen sanduna ya dace, a jera su daga babba zuwa ƙarami. In sauyi ne cikin lokaci, kamar tsayin Chari daga Yuli zuwa Nuwamba ko farashin gero wata-wata, zanen layi. In tambayar "a ina?" ce, taswira. Zanen da'ira da ake yankawa kashi-kashi yana da farin jini a ofisoshi, amma shawarata ku rage shi. Da zarar kashin ya wuce uku ko huɗu, ido ba ya iya bambance babba da ƙarami.

Zane yana iya yin ƙarya ba tare da an canja lamba ko ɗaya ba. A ce koron gero ya tashi daga sefa 900 zuwa 1,000. Ƙarin bai wuce kashi 11 cikin 100 da ɗan abu ba. Amma in aka fara sandunan daga 850 maimakon sifili, sanda ta farko za ta tsaya a tsayin 50, ta biyu a 150, mai kallo ya ɗauka farashi ya ninka uku. Sanda daga sifili take farawa, babu sassauci.

Ga wata yaudarar da ta fi wannan ɓuya. A ce kare na farko yana da gida 200, ruwa ya ci 40. Na biyu yana da gida 50, ruwa ya ci 30. In yawan gidaje kawai aka zana, na farko ne zai ja ido, agaji ya tafi can. In aka duba kaso, na farko ya yi asarar kashi 20 cikin 100, na biyu kashi 60. A kare na biyu, maƙwabcin da zai ba ka ɗaki ma nasa ya faɗi. Duka lambobin gaskiya ne, kuma mai amana yakan nuna su biyun, ya bar masu yanke shawara su yanke da idonsu a buɗe.

Kowane zane yana son kanun da ke faɗin abin da aka gano, ba sunan batu kawai ba. "Gida 6 cikin 10 sun faɗi a kare na biyu" ya fi "Ambaliyar Agusta" amfani. A ƙasa kuma a rubuta wanda ya tattara bayanan da ranar da aka tattara.

Kayan aikin suna da yawa, kada su ruɗe ku. Excel da Google Sheets suna yin sanduna da layi, kuma sun isa rabin aikin da za a taɓa ba ku. Datawrapper, na wani kamfanin Jamus, ana liƙa masa jadawali ya fitar da zane mai tsafta da ke karantuwa a waya, 'yan jarida suna sonsa. Power BI na Microsoft shi ne ake yawan ambata a tallar aikin ƙungiyoyi, da shi ake haɗa allon da ke nuna zane da yawa wuri guda, sai dai yana son kwamfuta mai Windows. Tableau Public kyauta ne, amma duk abin da aka wallafa a kansa duniya na gani. Don taswira akwai QGIS, kyauta, kuma yana aiki ba intanet. Akwai OpenStreetMap, taswirar duniya da aka fara a 2004, wadda kowa ke iya ƙara titi ko rijiya ko makaranta a cikinta. Ku buɗe ta ku nemi lungunku. In babu shi, kun sami aikin gwaji na farko. Mai son bayanan koyo kuma ya shiga HDX, shafin da ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya buɗe a 2014, zai sami jadawalai da iyakokin lardunan Chadi ya sauke kyauta.

Amana

Jerin da ke ɗauke da suna, lambar waya, lambar shaidar ɗan ƙasa da wurin gidan mutum, sirrinsa ne. Chadi tana da doka kan haka, doka mai lamba 007/PR/2015 ta kare bayanan mutane, da hukumar ANSICE mai kula da tsaron harkar kwamfuta. Ko babu doka, kun san abin da zai faru in jerin zawarawa da marayun unguwa ya faɗa hannun macuci. A nemi yardar mutum kafin a rubuta shi, a gaya masa abin da za a yi da bayanin. A cire sunaye kafin a yi zanen da za a nuna wa jama'a. Kada a jefa jerin cikin zauren WhatsApp. A sa kalmar sirri mai ƙarfi, kuma kada a bar akwatin imel a buɗe a shagon intanet.

Ina aikin yake?

Matakin farko shi ne tattara bayanai a unguwa da shigar da su. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INSEED, wadda ta gudanar da ƙidayar 2009 da ta sami mutum miliyan 11, tana ɗaukar irin waɗannan ma'aikata duk lokacin babban bincike. Haka hukumomi irin su IOM, UNHCR da WFP da ƙungiyoyin da ke aiki tare da su. Gaskiyar magana, aikin kwantiragi ne, mako uku yau, wata biyu gobe, sannan a zauna. Kada a gina gida a kansa. A ɗauke shi ƙofar shiga.

Wanda ya iya tsaftace jadawali da yin zane yakan hau zuwa jami'in sarrafa bayanai ko na bibiyar ayyuka. Ma'aikatar lafiya tana tara rahoton asibitoci ta manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita, kuma kowace gundumar lafiya na buƙatar mai shigarwa da dubawa. Mai taswira yana da wuri a irin Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, hedikwatarta kuma tana nan N'Djamena. Bankuna da kamfanonin waya, Airtel da Moov Africa, suna neman masu kula da rumbun bayanai, wato waɗanda suka iya harshen SQL. Cibiyar ajiya kuwa ba masu digiri kaɗai take so ba. Tana son mai gyaran wuta, mai na'urar sanyaya ɗaki, mai haɗa wayoyin intanet. In kana da ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i a hannu, ka riga ka yi rabin tafiya.

Mai son zurfafa karatu yana da Jami'ar N'Djamena, da makarantar ENASTIC ta fasahar sadarwa, da ISSEA a Yaoundé mai horar da masana ƙididdiga na ƙasashen yankin. WenakLabs ma, a nan cikin gari, wuri ne da matasan fasaha ke haɗuwa. Faransanci wajibi ne a yawancin waɗannan wurare, Larabcin Chadi kuma shi ke buɗe ƙofar gidaje. Hausarku ma jari ce: a lardin Tafki, a sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, akwai 'yan gudun hijira daga Najeriya da za su fi sakin jiki da mai tambayarsu da Hausa. Duk tallar aikin da aka ce sai kun tura kuɗi kafin a duba takardunku, ku rabu da ita.

A ganina, kasuwar da aka fi mantawa ita ce ta kusa. Ƙungiyoyin waje suna zuwa suna tafiya. Amma mai shagon magani da bai san ranar da kayansa za su lalace ba, uwar adashe mai riƙe da kuɗin mata 40 a littafi ɗaya, makarantar Islamiyya da ba ta san wa ya biya wa bai biya ba, dillalin hatsi mai bin bashi a kasuwa uku, duk suna nan kowace shekara. Kuɗin da za su biya kaɗan ne, amma ba ya yankewa, kuma aikinsu ne za ku nuna ranar da babban ofis ya ce ku kawo shaidar abin da kuka taɓa yi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sifili da gurbi fanko? Kawo misali daga aikinka ko kasuwancinka.
2. Bayyana dokar 3-2-1, ka faɗi inda za ka ajiye kowane kwafi a halin da kake ciki yanzu.
3. Unguwa mai gida 300 ta yi asarar 45, wata mai gida 80 ta yi asarar 32. Fitar da kason kowace. Wace lamba za ka sa a kanun zanenka, kuma don me?

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi kaya 5 a kasuwar da ta fi kusa da shi, ya rubuta farashinsu ranar Litinin da Alhamis har mako biyu, da ma'auni guda, ba tare da sunan mai shago ba. Ku shigar a jadawali, ku sa wa fayil suna yadda aka koya, ku ajiye kwafi uku. Sannan ku yi zanen layi ɗaya mai kanun da ke faɗin abin da kuka gano. Wanda ba shi da waya mai intanet ya yi nasa da rula a takarda mai gida-gida, ba za a rage masa maki ba. Ku zo da shi aji na gaba, za mu ba wani rukuni ya karanta zanenku ba tare da kun yi masa bayani ba.